Madubin faifai da sinafshot sun isa su kare bayanan ɗakin gwajinmu?

Wata Hajiya mai ɗakin gwajin jini da ɗaukar hoton ciki a Unguwar Rimi ta aiko da tambaya. Sun sayi akwatin ajiyar bayanai irin wanda ake kira NAS, mai faifai biyu. Wanda ya haɗa musu ya ce ya yi wa faifan madubi, wato duk abin da aka rubuta a ɗaya ana rubuta shi a ɗayan, ya kuma saita akwatin ya riƙa ɗaukar sinafshot, wato hoton yadda bayanai suke a wani lokaci, kowace awa, don haka su daina wahalar kwafe bayanai a faifan waje duk Juma'a. Tana son ta san ko da gaske sun tsira.

Hajiya, kada ki bari a daina kwafin Juma'ar nan. In ma da hali a ƙara yawansa. Abin da injiniyanki ya saita aiki ne mai kyau, da yawan ofisoshin da nake shiga a garin nan ko kusa da haka ba su kai ba. Sai dai madubi da sinafshot kowanne akwai irin masifar da aka yi shi dominta, kuma su biyun a akwati ɗaya suke zaune, a ɗaki ɗaya, a kan layin wuta ɗaya. Duk abin da ya samu akwatin ya same su tare.

Bari mu fara da madubin. Duk lokacin da ma'aikaciyarki ta adana sakamakon gwaji, akwatin yana rubuta shi a faifai na farko da na biyu lokaci guda, ba ya cewa ya gama sai duka biyun sun karɓa. A takardun kayan za ki ga an rubuta RAID 1. Sunan ya fito ne daga maƙalar da wasu masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka fitar a 1988, ko da yake ana yi wa faifai madubi tun kafin nan. Idan kowane faifai terabait 4 ne, to terabait 4 kike da shi na aiki, ba 8 ba. Ranar da ɗaya ya mutu, babu wanda zai ankara a wurin karɓar marasa lafiya. Aiki zai ci gaba a kan ɗayan, a zare mataccen, a sa sabo, akwatin ya cika shi da kansa cikin wasu sa'o'i. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin faifai mai juyawa dole wata rana ya mutu, kuma zafin watan Afrilu a Kaduna ba ya ƙara masa kwana.

Amma dubi littafin rasit mai takardar kabon da ke kan teburin akawunki. Abin da biro ya rubuta a sama shi ke fitowa a ƙasa. In ya rubuta dubu hamsin a inda ya kamata ya sa dubu biyar, kwafin ƙasa ma dubu hamsin zai nuna, ba zai ce masa ka yi kure ba. Haka madubi yake. In wani ya goge foldar hotunan watan jiya, an goge ta a faifai biyun a sakan guda. In manhajar masu garkuwa da bayanai ta shigo ta kulle fayiloli, madubi zai kwafe kullallun fayilolin zuwa faifai na biyu da irin amanar da yake kwafe masu kyau. Bai san jiya ba, yanzu kawai ya sani.

Ko a kan mutuwar faifan ma, madubi yana aiki ne idan akwai mai lura. An taɓa kirana wani ofishi a kan titin Ahmadu Bello, aka ce komai ya ɓace alhali suna da madubi. Na tarar da akwatin a ƙarƙashin tebur, ƙurar hunturu ta toshe ragar da iska ke shiga, fitilun faifan biyu duka sun koma ruwan lemo. Da na tambaya, sai sakataren ya ce ai tun kafin azumi akwatin yake ta ƙara, wani ya shiga saiti ya kashe ƙarar don tana damun mai gidan. Wato faifai ɗaya ya mutu tun tuni, watanni suna tafiya a kan guda ɗaya suna ganin biyu gare su, har shi ma ya bi ɗan'uwansa. Saboda haka ki ce wa injiniyanki ya saita akwatin ya riƙa turo saƙon imel zuwa wayarki da tasa idan faifai ya fara ciwo, kuma ya turo saƙon gwaji a gabanki ki gani da idonki ya iso.

Akwai kuma matsalar tagwaye. Yawanci faifan biyu rana ɗaya aka saye su, shago ɗaya, kwali ɗaya, suka yi aiki iri ɗaya sa'a da sa'a. Ba abin mamaki ba ne su gaji kusan lokaci ɗaya, kuma aikin cika sabon faifai yana tilasta wa tsohon ya karanta kansa daga farko har ƙarshe, a nan ne sau da yawa tsohon yake mutuwa. A ƙarshen 2019 kamfanin HPE ya fitar da gargaɗi cewa wasu faifansa na SSD, irin faifan da ba ya juyawa, suna da kuskure a manhajar cikinsu da ke sa su mutu murus idan sun cika sa'o'i 32,768 suna aiki, wato shekara uku da kwana 270. Duk wanda ya kunna irinsu biyu rana ɗaya a matsayin madubi, rana ɗaya za su tafi. Ni dai in ina haɗa wa mutum, nakan so faifan su fito daga kaya daban-daban. Ga kuma abin da muka fi sani a nan: tsawar farkon damina da ke bin waya ta shigo, ko wuta ta dawo da ƙarfi daidai lokacin da ake sauyawa daga janareta. Irin wannan ba ta tambayar wane ne faifai na ɗaya, wane ne na biyu. Akwatin na buƙatar UPS nasa, a haɗa su da wayar USB don ya kashe kansa cikin tsari idan batir ya kusa ƙarewa.

Abu na ƙarshe a kan madubi, a taƙaice: idan wani ɓangare ya lalace a ɓoye a faifai ɗaya, madubi na gargajiya zai ga biyun sun saɓa amma bai san mai gaskiya ba. Tsarin ajiya irin ZFS da Btrfs suna lissafa wata lambar tantancewa ga kowane gutsuren bayani, da ita suke gane lalataccen su gyara shi daga mai kyau. Ki tambaya wanne ke kan akwatinki, ko an kunna wannan tantancewar, da ko an saita ya riƙa bin faifan yana dubawa duk wata.

To, sinafshot. Shi ne ya cike babban giɓin madubi, domin shi yana da jiya da shekaranjiya. Yadda yake aiki ne mutane ba su cika fahimta ba, kuma daga rashin fahimtar ne ake ɗaukarsa a matsayin kwafi.

Fayil a kan faifai ba dunƙule ɗaya ba ne. Gutsattsari ne a warwatse, akwai kuma jadawali da ke cewa fayil kaza gutsurensa na farko yana wuri kaza, na biyu wuri kaza. Idan ƙarfe 9:00 ta yi akwatinki ya ɗauki sinafshot, ba ya kwafe ko fayil ɗaya. Jadawalin kawai yake riƙewa yadda yake a wannan sakan ɗin, ya kuma sa doka cewa duk gutsuren da wannan jadawali ya ambata ba za a taɓa shi ba. Shi ya sa ake gamawa kafin ki ƙifta ido, ko da bayanan sun kai terabait uku. A ce ƙarfe 9:20 ma'aikaciyarki ta buɗe rahoton wani mara lafiya ta canza layi ɗaya. Akwatin zai rubuta sabon gutsuren a wani fili daban, ya gyara jadawalin yanzu ya nuna sabon wurin. Tsohon gutsuren yana nan inda yake, jadawalin ƙarfe 9:00 yana riƙe da shi. In da rana aka gane rahoton wani ta gyara ba wanda ya kamata ba, sai a buɗe sinafshot na ƙarfe 9:00 kamar folda, a ɗauko rahoton yadda yake da safe. Aikin minti biyu ne. ZFS da Btrfs da kayan NetApp haka suke yi. Tsohuwar hanyar LVM a Linux da ta Windows sukan fara kwafe tsohon gutsuren gefe kafin su rubuta sabon a wurinsa, abin da ke ɗan rage sauri, amma sakamakon a wurin mai amfani ɗaya ne.

Daga wannan bayanin za ki ga abubuwa da dama da kanki. Sinafshot ba ya cin wuri lokacin ɗaukarsa, canje-canjen da suka biyo baya ne ke ci. In ana gyara ko goge gigabait 5 na tsofaffin bayanai a rana, riƙe sinafshot na kwana 30 zai ci kamar gigabait 150. Za ki kuma ga abin da ke rikita mutane: a goge manyan fayiloli don a samu fili, fili ya ƙi samuwa, domin tsofaffin sinafshot suna riƙe da su har sai lokacinsu ya wuce. Idan kuwa faifai ya cika, wasu tsare-tsaren sukan fara zubar da sinafshot mafi tsufa ba tare da sun tambayi kowa ba. Windows na yin haka, shi kuma tsohon sinafshot na LVM in wurin da aka ware masa ya cika, lalacewa yake yi gaba ɗaya. Kada a bar akwatin ya wuce kashi 80 cikin 100.

Babban abin shi ne wannan: sinafshot ɗari da kike gani a jere, duk gutsattsarin faifan nan biyu suke nunawa. Rahoton da ba a taɓa shi ba tun bara, gutsure ɗaya ne tak, sinafshot ɗarin duk shi suke nuni. In faifan suka ƙone, ko ɓarawo ya fasa ya sungumi akwatin, ko ruwa ya shiga ɗakin, jadawalai da abin da suke nunawa sun tafi tare.

Sai maganar rumbun bayanai, wadda ta shafe ki kai tsaye. Manhajar da ɗakin gwaji ke amfani da ita wajen rajistar marasa lafiya da sakamako galibi tana zaune ne a kan SQL Server ko MySQL ko makamancinsu. Irin waɗannan kullum a tsakiyar rubutu suke, wani abu yana faifai, wani yana ƙwaƙwalwar kwamfuta bai sauka ba tukuna. Sinafshot da aka ɗauka ba tare da an sanar da rumbun ba, abin da zai kama daidai yake da halin da rumbun zai shiga in an ɗauke wuta farat ɗaya. Mafi yawan lokuta rumbun kan tashi ya daidaita kansa daga littafin ayyukansa, amma ni ba na gina amanar bayanan marasa lafiya a kan "mafi yawan lokuta". Hanya mai sauƙi ita ce a sa rumbun da kansa ya fitar da kwafinsa kowane dare zuwa wata folda a akwatin, sinafshot ya biyo baya ya kama wannan kwafin da aka gama rubutawa. Ki kuma tabbatar ina rumbun yake tun farko. Na sha ganin an sayi akwati mai tsada ana ta alfahari da shi, alhali ainihin rumbun yana kan kwamfutar da ke wurin karɓar kuɗi, babu abin da ke kwafe shi.

Abin da ya faru da kamfanin GitLab ranar 31 ga Janairun 2017 ya haɗa kusan duk abin da nake faɗa. Suna da babban rumbu da na biyu da ke bin sa kamar madubi. Na biyun ya tsaya a baya, wani injiniya da ya gaji da aikin dare ya je zai share shi don a sake cika shi, ashe a kan babban yake ba da umarnin. Kafin ya tsayar, kusan gigabait 300 sun tafi, abin da ya rage bai kai 5 ba. Da suka juya ga kwafinsu na kullum, sai suka tarar ya daɗe ba ya aiki saboda saɓanin sigar manhaja, saƙonnin gargaɗin kuma ba sa isowa. Abin da ya cece su sinafshot ne na LVM da aka ɗauka kimanin sa'o'i shida kafin nan, wanda aka riga aka kwafe zuwa wata na'ura daban ta gwaji. Aikin sa'o'i shidan ya tafi har abada, maido da sauran ya ci kusan sa'o'i 18. Ki lura, sinafshot ɗin ya yi amfani ne saboda ya bar inda aka ɗauke shi.

Game da masu garkuwa da bayanai, sinafshot na akwatin NAS makami ne na gaske, kuma a nan na fi yaba wa injiniyanki. Kwamfutar da ta kamu za ta iya kulle fayilolin da take gani a foldar da aka raba mata, amma sinafshot karatu kawai ake yi a cikinsa, ba ta da ikon canza shi ta wannan hanyar. Sai a wanke kwamfutar, a mai da foldar zuwa awa ɗaya kafin harin, ba a biya kowa ko sisi ba. Masu wannan ta'asa sun san haka. A kan Windows, daga cikin abubuwan farko da manhajarsu ke yi akwai goge tsofaffin kwafin da Windows ke ajiyewa da umarni layi ɗaya. A kan akwatin NAS kuwa, kalmar sirrin mai kula suke nema, domin wanda ya shiga da ita zai iya share sinafshot duka. A 2021 da 2022 hare-haren Qlocker da DeadBolt sun faɗa wa dubban akwatunan NAS na kamfanin QNAP da aka bari a buɗe ga intanet. Don haka kada a buɗe akwatin ga intanet don wai a riƙa duba sakamako daga gida, in dole ne a bi ta VPN. Kalmar sirrin mai kula ta zama daban da kowace, kada a adana ta a burauzar kwamfutar ofis, a kunna tantancewa mai mataki biyu. In akwatin yana da tsarin kulle sinafshot na wasu kwanaki ta yadda ko mai kula ba zai iya goge shi ba, a kunna.

Injiniyan ya ce kowace awa, amma bai faɗa miki tsawon lokacin da ake riƙewa ba, kuma wannan ya fi muhimmanci. In na kwana biyu kawai ake riƙewa, kuskuren da aka gano bayan mako uku ya zama ihu bayan hari. A irin aikinki mara lafiya kan dawo bayan wata shida neman tsohon hotonsa, a lokacin ne za a gane babu shi. Abin da nakan saita shi ne na kowace awa a riƙe na kwana biyu, na kowace rana a riƙe na wata guda, na kowane wata a riƙe na shekara, gwargwadon filin da ake da shi.

Yanzu ga inda madubi da sinafshot suke zama kwafin ajiya na gaskiya: idan aka fitar da su daga ginin. Manyan bankuna sukan yi madubi tsakanin cibiyoyi biyu, kowane rubutu sai ya isa can an amsa kafin a ce ya kammala. Wannan na buƙatar layin faiba na musamman, nisa kuma yana da farashi, domin haske a cikin faiba kilomita 200 yake ci a kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Daga nan zuwa Abuja da dawowa kowane rubutu zai jira kusan ninki biyu na wannan. Ba irin naki ba ne, kuma ko an yi shi, madubi ne dai, zai kai kuskure can da saurin haske. Wanda ya dace da ke shi ne tura sinafshot. A ajiye akwati na biyu a wani wuri, reshenku in kuna da shi a Kawo ko Barnawa, ko gidanki. Karon farko a kawo shi ofis a cika shi ta waya, sannan a kai shi can. Daga nan kowane dare bambancin da ke tsakanin sinafshot na jiya da na yau kawai ake turawa, wanda layin intanet na talaka ma zai iya ɗauka. Akwati na biyun ya kasance da kalmar sirrinsa daban da tarihin sinafshot nasa, don wanda ya kutsa cikin na farko kada ya share na biyu. In ofishinki yana ɓangaren da ke kusa da kogi, to kada na biyun ya zama a wata unguwar bakin kogin Kaduna, ambaliya ɗaya ta haɗa su.

Nisa da rabuwa daga layi su ne suka ceci Maersk, babban kamfanin jiragen dakon kaya na ƙasar Denmark, a harin manhajar ɓarna ta NotPetya na watan Yunin 2017. Na'urorin da ke riƙe da rajistar masu shiga tsarin kamfanin suna da yawa a faɗin duniya, kowace tana kwafar 'yar'uwarta, shi ya sa aka ga babu yadda za a yi su tafi gaba ɗaya. Harin ya share su duka, sai guda ɗaya a ofishinsu na Gana, wadda ɗaukewar wuta ta raba ta da layi kafin cutar ta iso. Daga faifan wannan na'ura, da aka bi da shi ta Najeriya aka kai Ingila, aka sake gina tsarin. Shugaban kamfanin ya faɗa daga baya cewa sun sake ɗora manhaja a kan saba, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima, guda 4,000 da kwamfutoci 45,000 cikin kwana goma. A watan Maris na 2021 kuma gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiyar bayanai na OVH a Strasbourg ta Faransa, wasu abokan cinikin da kwafin ajiyarsu ke wuri ɗaya da ainihin bayanan suka rasa duka biyun. Wannan ne dalilin ƙa'idar da masu sana'armu ke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Akwatinki da madubinsa da sinafshot ɗinsa, a wannan lissafin, kwafi ɗaya ne.

Za a ce miki ki tura ma'ajiyar intanet kawai. Yana da kyau a matsayin ƙari, amma ki yi lissafi. Gigabait 500 a kan layin da ke turawa da megabit 10 a sakan zai ɗauki fiye da kwana huɗu da rabi ba tsayawa, ranar da kike neman su dawo kuma ɗakin gwaji yana rufe kina jiran saukarwa. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, kowa ya ga yadda intanet ya koma a ƙasar nan. Kuma foldar Google Drive ko OneDrive da ke daidaita kanta da kwamfuta ita ma madubi ce: abin da aka goge nan an goge can, kwandon sharar Google Drive kwana 30 yake riƙewa. Ga kuma doka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane ƙasar waje, ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin sa'o'i 72 idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su. Faifan da ke ɗauke da sakamakon gwajin mutanen unguwa, in ya faɗi a Keke Napep ba a kulle shi ba, ba ƙaramar fitina ba ce. Duk kwafin da zai bar ofis a kulle shi da mabuɗin sirri, a rubuta mabuɗin a takarda a ajiye a wurin da ba ofis ba, ke da wani amintacce ɗaya ku san inda yake.

Faifan Juma'arki, duk da sauƙinsa, yana da abin da sauran ba su da shi: in an gama an zare shi, babu wata manhaja a duniya da za ta iya taɓa shi. Rauninsa biyu ne. In abu ya faru ranar Alhamis, aikin kwana shida ya tafi. In kuma guda ɗaya ne, to a lokacin da aka jona shi ana kwafi, duk abin da kika mallaka yana ɗaki ɗaya a kan waya ɗaya. A ƙara biyu su zama uku ana juya su, ɗaya ko da yaushe yana gida, kuma kada a bar shi a jone ko a ajiye shi a aljihun teburin da akwatin yake.

Tambayoyi biyu ne ke yanke yawan kuɗin da ya kamata ki kashe, kuma ke kaɗai ce za ki amsa su, ba injiniya ba. Aikin sa'o'i nawa za ki iya rasawa ki sake shigarwa daga takardu? Sa'o'i nawa ɗakin gwajin zai iya zama ba kwamfuta kafin likitocin da ke turo muku mutane su fara tura su wani wuri? Ki rubuta amsoshin biyu a takarda.

Sannan ki zaɓi wata Asabar da rana bayan an tashi. Ki ce wa injiniyan ya kashe akwatin gaba ɗaya, a ɗauka an sace shi. Ki ba shi faifan Juma'a da wata kwamfuta da babu komai a kanta, ki duba agogo, ki ce ya tayar miki da manhajar gwaji. In ta tashi, ki zaɓi sunan wani mara lafiya na watan da ya wuce da kanki, ki buɗe sakamakonsa ki gwada da takardar da ke fayil ɗinsa, ki buɗe hoton cikin wani ki ga ya fito cikakke. A irin wannan gwaji ne ake gano cewa lasisin manhajar yana wurin wanda ya bar aiki bara, ko foldar hotuna ba ta cikin abin da ake kwafewa, ko babu wanda ya tuna mabuɗin faifan. A maimaita duk bayan wata uku, da kuma duk lokacin da aka sabunta manhajar. In sa'o'in da agogo ya nuna sun zarce abin da kika rubuta a takardarki, to a lokacin ne maganar sayen akwati na biyu ta taso.